Masallacin Larabanga: Tsakanin Labari da Tarihi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa da ɗalibai, da yawa cikinmu mun ziyarci Larabanga, kusa da Damongo, mun kuma ji abin da masu zagayawa da baƙi suke faɗa: wai wani fatake mai suna Ayuba ne ya gina masallacin a 1421 bayan ya yi mafarki, wai Alƙur'anin da ke garin daga sama ya sauko a 1650, wai kuma akwai dutsen da masu aikin hanya suka ɗauke ya dawo da kansa cikin dare.

To, mu auna su a sikelin ilimi. Tarihin baka na garin kansa yana danganta kafuwarsa da malamin da ya raka Ndewura Jakpa, shi kuwa Jakpa a ƙarni na 17 ya yi zamani. Kun ga tsakaninsa da 1421 akwai shekara ɗari biyu da ɗoriya. Kitabu Ganja, wanda malaman Gonja suka rubuta wajen 1751, ya nuna daular Gonja ma a ƙarni na 16 ta fara.

Batun Alƙur'ani ya fi nauyi, domin ya taɓa aƙida. Alƙur'ani ta wahayi ya sauka ga Annabi (SAW) cikin shekara 23, aka tattara shi zamanin Sayyidina Abubakar. Ko ga Annabi bai sauko a takarda ba, balle ga wani bayansa. Tsofaffin mus'hafan ƙasarmu malamai ne suka rubuta su da alƙalamin kara da tawada, galibi a kan takardar Italiya da ayari ya ratso Sahara da ita. In ka ɗaga irin wannan takarda a haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku.

Dutse kuwa, ai Sayyidina Umar ya bayyana cewa Hajarul Aswad kansa ba ya amfanarwa ba ya cutarwa. Wanda ya ɗora hannu a kan dutsen bakin hanya yana neman biyan buƙata, ya duba tauhidinsa.

Wannan ba raina mutanen Larabanga ba ne. Darajarsu tana ga hannuwan da suka rubuta Littafin Allah, da waɗanda suke yaɓe masallacin shekara da shekaru. Ɗalibi, in an ce maka "wai", ka tambayi isnadi. Allah ya sa mu dace, amin.