Dirar laima: yadda ake koyon ta, da iyakar amfaninta a dazukan Gobir

Dirar laima ita ce mutum ya fice daga jirgin sama yana cikin tafiya, ya dogara da wani makeken ƙyalle na nailan da ke naɗe a jaka a bayansa domin ya rage masa gudu har ya taka ƙasa lafiya. Sojoji na yin ta a matsayin hanyar isa fagen daga, farar hula kuma suna yin ta don wasa da gasa. A ƙasar Hausa an fi sanin ta da fuskarta ta soja. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, musamman ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, ba a rasa mai tambayar dalilin da ya hana a sauke sojoji daga sama a tsakiyar dajin da ɓarayin suke. Tambayar tana da tushe. A yankin ne aka ƙona fasinjoji fiye da ashirin a cikin mota kusa da Gidan Bawa a Disambar 2021, kuma a Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Amsarta kuwa tana buƙatar a fara sanin yadda dirar take.

Asali da kayan aiki

Bafaranshe André-Jacques Garnerin ne ya fara saukowa da laima daga sama mai nisa, a birnin Paris ranar 22 ga Oktoba 1797, daga wani balambalan mai ɗaukar mutum da ya kai kimanin mita 1,000. A 1919 Leslie Irvin ya fice daga jirgi a jihar Ohio ta Amurka ya buɗe laimarsa da hannunsa. Ya sauka da rai, amma ya karya idon sawu. Laima mai kusurwa huɗu da ake gani yau ta samo asali ne daga ƙirar Domina Jalbert ta shekarun 1960. Iska ce ke shiga aljihunanta ta gaba ta cika su, sai ta zama kamar fiffike, mai dira ya riƙa juya ta da igiya biyu kamar linzami. Tsohuwar laima mai siffar ƙwarya a kife ba ta jin linzami sosai, inda iska ta kai ta nan za ta, kuma irinta ce sojoji suke amfani da ita har yanzu idan za a sauke su da yawa.

Kowane mai dira yana ɗauke da laima biyu, babba da ta ko-ta-kwana. Idan babbar ta harɗe, mai dirar wasa yana jan mariƙi ɗaya ya rabu da ita, ya ja na biyu ya buɗe ɗayar. A Amurka doka ta wajabta ƙwararre mai lasisi ya warware ta ko-ta-kwana ya sake naɗe ta duk kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba. Akwai kuma agogon auna nisa daga ƙasa da ake ɗaurawa a hannu, da wata 'yar na'ura da ke cikin jakar, wadda mafi shahararta ita ce Cypres da aka fara sayarwa daga Jamus a 1991. Idan mutum ya suma ko ya ruɗe har ya rage kimanin mita 225 yana gudun faɗuwa, na'urar za ta yanke zaren da ke riƙe da laimar ko-ta-kwana, ta buɗe da kanta.

Horon soja

A Najeriya ana koyar da dirar soja a Makarantar Horar da Sojojin Ƙasa da ke Jaji a jihar Kaduna, inda ɗaliban makarantar hafsoshi ta NDA ma suke yin kwas ɗin. Bataliya ta 72 da ke Makurɗi, wadda yanzu ake kira ta dakaru na musamman, an daɗe da sanin ta a matsayin bataliyar sojojin laima. A ƙetaren iyaka, Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, wanda ya karɓi mulkin Nijar a Janairun 1996, ya taɓa jagorantar kamfanin sojojin laima na Yamai tun daga 1978, kamar yadda Thomas Sankara na Burkina Faso ya yi horon laima a Faransa kafin ya shugabanci sansanin kwamandoji na garin Po. Rundunoni kan zaɓi mazajen da suka fi amincewa da su ne su tura wannan fanni, shi ya sa sunayen 'yan laima suke yawan fitowa a tarihin juyin mulki na yankin.

Tsarin da ya fi shahara shi ne na makarantar sojan Amurka da ke barikin Fort Benning a jihar Jojiya, kuma mako uku ne. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne mako biyun farko ba a shiga jirgi ko sau ɗaya. Faɗuwa ake koya. Soja zai hau dandamali ya diro kan yashi ko dusar katako sau ɗaruruwa, ƙafafu a haɗe, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, haɓa a kan ƙirji, har jikinsa ya saba da raba nauyin faɗuwar a wurare biyar a jere: tafin ƙafa, gefen sha-raɓa, gefen cinya, kwatangwalo, sannan gefen baya. Wanda ya ware ƙafa ko ya miƙa hannu don ya tare ƙasa, shi ke tashi da karaya. Daga nan sai hasumiya mai tsawon ƙafa 34, inda ake koyon fita daga ƙofar jirgi a rataye da igiya. A mako na uku ne ake yin dira biyar daga tsawon ƙafa 1,250, wato ƙasa da mita 400, kafin a maƙala wa soja lambar fukafukai a ƙirji.

A irin wannan dira soja ba ya buɗe laima da kansa. Wata igiya ce da ya maƙala a wayar ƙarfe cikin jirgin take fizgo ta da zarar ya fita. Aikinsa shi ne ya ƙirga daƙiƙoƙi, ya ɗaga kai ya tabbatar ta buɗe, idan ba ta buɗe ba ya ja ta ko-ta-kwana da ke ƙirjinsa. Daga wannan tsawo lokacin yanke shawara bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, don haka ake maimaita horon har hannu ya riƙa aiki kafin tunani ya iso.

Masu yi don wasa

Farar hula sukan fita ne daga tsawon mita 3,000 zuwa 4,000. Bayan kimanin daƙiƙa goma sha biyu gudun faɗuwar mutum yana tsayawa a wajen kilomita 200 a sa'a, domin iskar da ke tokare shi ta yi daidai da nauyinsa. Yana yin kusan minti ɗaya a haka kafin ya buɗe laima, sannan ya yi 'yan mintoci yana shawagi zuwa ƙasa. Masu dira kan ce ba a jin faɗuwar hanjin nan da ake ji a lilo, abin ya fi kama da kwanciya a kan iska mai ƙarfi da ƙara.

Baƙo yakan fara ne da abin da za a iya kira dirar goyo, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a farkon shekarun 1980, sai dai a nan ɗan goyon a gaba yake. Ana ɗaure shi a ƙirjin malami wanda ya yi dira aƙalla 500, malamin ne kuma ke yin komai. Ita ce 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai suke gani ana yi a saman tsibirin Palm Jumeirah, ana kuma yin ta a Swakopmund ta Namibiya da wurare da dama a Afirka ta Kudu. Wanda yake son ya tsaya da ƙafarsa sai ya yi darasin yini guda a ƙasa, sannan ya fita da malamai biyu riƙe da shi hagu da dama suna gyara masa kwanciya da alamun hannu, tunda ba a jin magana a cikin wannan iska. Ƙungiyar Masu Dirar Laima ta Amurka tana bayar da lasisin farko bayan dira 25, mafi girma kuma bayan 500. Ƙididdigarta ta 2023 ta nuna mutum 10 ne suka mutu cikin dira kimanin miliyan 3.65. Da yawa daga haɗurran ba laimar ce ke ƙin buɗewa ba, ƙwararru ne ke yin kwana mai kaifi dab da ƙasa ƙarƙashin laima lafiyayya. Gwani ne ke nutsewa a kogi.

Zumuncin 'yan laima

Duk da mutum shi kaɗai yake fita ƙofa, wannan harka ce ta dogaro da juna. Kafin shiga jirgi kowa yana duba majanyin ɗan'uwansa da mariƙansa, komai girman wanda ake dubawa. Kowace dira ana rubuta ta a littafi, wani mai dira ya sa hannu a matsayin shaida, da wannan littafin ake karɓar baƙo a filin da bai taɓa zuwa ba. A filaye da yawa al'ada ce duk wanda ya yi wani abu karon farko ya sayi abin sha ya raba wa jama'a da yamma, a nan ne tsofaffin hannu suke zama su warware wa sababbi kurakuran ranar. A sojan Amurka masu naɗe laima su ma 'yan dira ne, kuma ana iya umartar kowannensu ya sauko da duk wadda ya naɗe. Ƙololuwar wannan haɗin kai ita ce abin da aka yi a Udon Thani ta ƙasar Tailan a Fabrairun 2006, inda mutum 400 suka riƙe juna a sararin sama kafin su watse kowa ya buɗe tasa.

Dirar da aka yi a kan iyakar Sakkwato

Misali mafi kusa da Gobir ya faru ne a ƙarshen Oktoban 2020. 'Yan bindiga sun sace wani Ba'amurke a ƙauyen Massalata kusa da Birnin Ƙonni, garin Nijar da ke fuskantar Illela, suka tsallako da shi Najeriya. Da daren 31 ga watan zaratan sojojin ruwan Amurka na rukunin SEAL, kimanin talatin bisa rahotannin kafofin labaran ƙasar, suka sauko da laima nesa kaɗan da maɓoyar, suka taka 'yan kilomitoci a ƙafa, suka kashe shida daga cikin masu garkuwar, suka fita da mutumin da rai.

Dirar ce ta ɗauki hankalin duniya, amma ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren aikin. An riga an bi sawun wayoyin masu garkuwar an san inda suke, jirage na shawagi suna kallon wurin, wasu kuma suna jiran kwashe sojojin. Manufa ɗaya ce, mutum ɗaya, dare ɗaya. Sojojin kuma sun yi amfani da laima mai linzami daga sama mai nisa, fasahar da ke buƙatar horo mai tsawo bayan na farko, wani lokaci har da tukunyar iskar shaƙa. Sauran manyan dirorin Afirka, irin ta Kolwezi a Zayar a Mayun 1978 da ta Tumbuktu a Janairun 2013, dukkansu na sojojin Faransa, an yi su ne a kan gari da aka san iyakarsa, a Tumbuktu ma har da ayarin motocin yaƙi da ke tafe ta ƙasa.

Yanayin Sabon Birni da Isa dabam ne. Jirgin C-130 irin na sojan saman Najeriya yana ɗaukar 'yan laima 64, yana kuma gudun kusan mita 65 a daƙiƙa lokacin sauke su. Idan mutum ɗaya ke fita ta kowace ƙofa duk daƙiƙa, layin zai bazu a kan kusan kilomita biyu, kuma sai sun tattaru kafin su zama runduna. Ana buƙatar fili mai wannan tsawo wanda babu itatuwa. Ƙasar kuwa akwai bagaruwa da aduwa da sauran itatuwan ƙaya, da damina ga gero da dawa sun fi mutum tsawo, fadamun Rima da Bunsuru da Gagare sun cika da ruwa. Ƙa'idar sojan Amurka ta hana irin wannan dira a horo idan iskar ƙasa ta wuce kimanin kilomita 24 a sa'a, iskar hunturu kuma tana zuwa da ƙurar da ke rufe wa matuƙi ido. Da bazara zafin da ke haura digiri 40 yana sa iska ta yi sako-sako, laima ta riƙa saukowa da sauri fiye da yadda aka saba.

Matsala mafi girma tana farawa ne bayan an taka ƙasa. Ɗan laima ya koma sojan ƙafa, ba shi da ruwa ko harsashi sai abin da ya goyo, abokin gabarsa kuwa yana kan babur, ya san kowace burtali, ga iyakar Nijar ta ɓangaren Maraɗi kusa da shi. Ƙarar jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa ta ishe shi gargaɗi. Laima kuma hanyar zuwa ce kawai, ba ta dawo da kowa. Wannan ne ya sa rundunoni suka fi son jirgi mai saukar ungulu idan tafiyar gajeriya ce, domin yana ajiye mutane wuri ɗaya, ya kwashe wanda ya ji rauni, ya dawo ya ɗauki sauran. Ana ajiye laima ne don wurin da ya yi wa mai saukar ungulu nisa, ko aikin da ke buƙatar a iso ba tare da an ji motsi ba. Sabon Birni da Isa ba su da irin wannan nisa daga Sakkwato, hedikwatar Runduna ta 8 ta sojan ƙasa. Abin da mazauna Gatawa da sauran ƙauyukan yankin suka fi nanatawa a koke-kokensu shi ne sojojin da za su zauna a garin bayan an kori ɓarayi, da tsaron hanyar da za ta kai manomi gona da ɗan kasuwa Shinkafi.