Ciwon Sukari da Likitancin Gargajiya na Indiya: Waiwaye Cikin Tarihi

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A yau da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da mai fama da ciwon sukari ba, har wasu na ɗaukarsa cutar zamani da shayi da lemon kwalba suka kawo. Alhali kuwa tsohuwar cuta ce, kuma masanan ƙasar Indiya suna cikin waɗanda suka fara bayyana kamanninta.

Likitancin gargajiya na Indiya shi ake kira Ayurbeda, wato "ilmin rayuwa" a tsohon harshensu na Sanskirit. Ginshiƙansa littattafai biyu ne, na Charaka da na Sushuruta, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 1,500 da suka shige. Masanan nan sun lissafa cututtukan fitsari iri 20, daga ciki har da wadda suka raɗa wa suna madumeha, ma'ana fitsarin zuma. Ba su da na'urar awo, sai lura. Sun ga kiyashi na taruwa a inda mai cutar ya yi fitsari, sai suka fahimci akwai zaƙi a cikinsa.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne, Sushuruta ya raba masu cutar gida biyu: ramammu waɗanda suka taso da ita, da masu ƙiba waɗanda yawan ci da rashin motsi suka jawo musu. Wannan rabo ya yi kusa da na likitocin yau. Ga masu ƙibar, ya yi umurni da cin sha'ir, da rage maiƙo da zaƙi, da doguwar tafiya a ƙasa, da aikin ƙarfi irin su haƙar rijiya.

Daga cikin tsirran da masu Ayurbeda suka dogara a kansu akwai ganyen gurmar, wanda idan mutum ya tauna shi zai daina jin zaƙin sukari na ɗan lokaci, da karela mai ɗaci, ɗan'uwan garahuninmu. Akwai kuma hulba, da kurkum, da dogon yaro, itacen da asalinsa na can ne, a zamanin Turawa ya iso mana. Shi ma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayanin cutar a littafinsa na likitanci, ya kuma ambaci hulba cikin haɗin maganinta.

Turai ta makara a wannan fage. Sai a 1674 Tomas Wilis na Ingila ya rubuta cewa fitsarin masu cutar yana da zaƙi, sannan a 1776 Matiyu Dobson ya tabbatar sukari ne a ciki. Amma daga nan sai suka yi zarra, domin sun bi sawun musabbabin cutar. A 1889 wasu likitoci biyu, Mering da Minkowski, suka cire wa kare wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ake kira fankiriyas, nan da nan ya kamu da ciwon sukari. A 1921 Bantin da Best suka tace sinadarin insulin a birnin Toronto na Kanada, kuma a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa, ya farfaɗo. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da irin cutar ramammu ba ya daɗewa a duniya, ko a Indiya ko a Turai, domin babu ganye ko saiwar da ke maye gurbin insulin.

Ita kuwa Ayurbeda ta sha wuya a hannun 'yan mulkin mallaka. A 1835 Ingilishi suka rufe makarantar da ake koyar da likitancin gargajiya a Kalkata, suka buɗe kwalejin likitancin Turai. Bayan samun 'yancin kai a 1947, Indiya ta farfaɗo da ita: a 1970 aka yi dokar tsara karatunta da rajistar masu yin ta, a 2014 kuma aka kafa ma'aikata sukutum mai kula da likitancin gargajiya. Duk da haka cutar ba ta ja da baya ba, domin wani babban binciken da aka wallafa a 2023 ya ƙiyasta masu ita a Indiya sun kai miliyan 101.

To, me awo ya nuna game da magungunan? Masanan da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, a 2011, sun ga alamun wasu haɗe-haɗen na rage sukari a jini, amma suka ce hujjar ba ta kai a dogara da ita ba. A 2004 kuwa, masu bincike a birnin Boston na Amurka sun auna magungunan Ayurbeda 70 da ake sayarwa a shaguna, suka iske 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asinik. Wannan ba raina tsirrai ba ne, domin ko ƙwayar metfomin da asibitoci ke bayarwa, tushen gano ta wani tsiro ne na Turai. Bambancin kawai shi ne an tace ta, an auna ta, an san adadin da ya dace.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa masu wannan larura: kada wani ya ajiye allura ko ƙwayar asibiti don an nuna masa kwalba mai rubutun Indiya. Ciwon sukari ɓarawon dare ne, a hankali yake cin ido da ƙoda da ƙafa. Wanda yake son shan hulba ko garahuni ya fara shaida wa likitansa, domin haɗa su da maganin asibiti na iya saukar da sukari fiye da kima. Shawarar Sushuruta ta rage ciki da motsa jiki kuwa har gobe tana nan daram, kuma ba ta buƙatar ko kwabo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.