Tafkin Chadi da Mutanen da Suka Iya Bin Ruwa

Duk wanda ya tashi magana a kan Tafkin Chadi a yau, da lissafi guda yake buɗe baki: a 1963 faɗin ruwan ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 kuwa abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Lissafin gaskiya ne, amma labarin da ake ɗora masa yana da gyara. Ana nuna kamar a da akwai wani tafki mai tsayayyen baki, mutane na zaune a gefensa cikin wadata, sai fari ya zo ya tarwatsa su. Tarihin wurin bai ce haka ba. Tun da aka san tafkin nan yana cika yana janyewa, kuma sana'ar mutanensa, daga su zuwa noma da kiwo da sassaƙar jirgi, a kan wannan kai-komo aka gina ta. Abin da ya fi karya su a shekaru sittin da suka wuce shi ne duk wani tsari da ya hana su tafiya inda ruwan ya tafi.

Sai an fahimci shekarar tafkin kafin a fahimci mutanensa, domin kalandarsa ta saɓa wa ta manomin tudu. Kusan kashi tara cikin goma na ruwan da ke shigarsa daga kogin Shari da reshensa Logon yake zuwa, Komadugu Yobe kuwa ɗan ƙari ne kawai. Ruwan saman da ya zuba a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi yana ɗaukar watanni a hanya, saboda haka tafkin ba ya batsewa sai wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da hunturu ya kankama, tudu ya bushe ƙamas. Ga shi kuma ba shi da zurfi, kamar ruwan da aka zuba a tire yake, ƙarin taƙi ɗaya ko biyu sai ya malale fili mai nisan gaske. Da ruwa ya hau, masunta ke da fage: a shimfiɗa mamari, a kafa koma, a bi kifi cikin ciyayi inda ya shiga kiwo. Da ya soma ja da baya, sai manomi ya bi sawunsa yana shuka masara da wake a danshin laka, ba taki ba ban ruwa, ya girbe a bazara sa'ad da rumbunan tudu suka fara nuna gindi. Bayan manomi sai makiyayi, Shuwa da Fulani da Buduma, su sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa a watannin da babu ita a ko'ina. Fili ɗaya ke nan ya ciyar da sana'a uku a shekara guda, kuma sau da yawa magidanci ɗaya ne masuncin, shi ne kuma manomin.

Jiragen tafkin ma shaida ne. Kwale-kwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya kai shekara dubu takwas, tsawonsa ya haura mita takwas, kuma inda aka tono shi yana da nisa ƙwarai da bakin tafkin yau, alamar cewa ruwan yankin ya taɓa wuce inda muke zato. A cikin tsibirai kuwa, inda babu manyan itatuwan sassaƙa, Buduma sun ƙware wajen ɗaure ciyawar ruwa dami-dami su yi jirgin da suke kira kadai. Ba ya daɗewa, yakan jiƙe ya ruɓe, amma ba ya nutsewa da wuri, yana ratsa ruwan da bai kai gwiwa ba, kuma in ya lalace kayan wani na nan tsaye a bakin gaɓa. Da shi suke tsallako da kanwa daga gabar Kanem zuwa gabar Borno, daga nan fatake su yi ƙasar Hausa da Nufe da ita. Gwanintar ta yi suna har wani Bature mai suna Thor Heyerdahl ya ɗauki maɗaura daga garin Bol na bakin tafkin zuwa Masar a 1969 suka haɗa masa jirgin da ya shiga Tekun Atlantika da shi. Shanun Kuri masu kumburarren ƙaho, su ma iyo suke yi daga tsibiri zuwa tsibiri. Daga wajen 1960 abubuwa suka sauya da sauri: zaren leda ya maye gurbin na gargajiya a koma, jirgin katako mai inji ya shigo, hanyar mota ta haɗa Baga da Maiduguri. Masunta Hausawa daga Kabi da Haɗeja, da Jukunawa, daga baya har da mutanen Mali masu gurar kama kifi, suka cika gaɓa, kuma bandar Baga ta zama abincin Anaca da Legas.

Mai ja zai ce duk wannan zancen zamanin cikar ruwa ne, kuma bayan farin 1973, da tafkin ya rabu gida biyu, sannan kwarin arewa ya ƙafe sau da dama a shekarun 1980, babu sauran abin bi. Amsar farko ita ce 1963 shekarar cikar ruwa ce a tarihin tafkin, kuskure ne a mai da ita ma'auni. Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya fita daga garin Ngurno a 1851 yana neman buɗaɗɗen ruwa bai ga komai ba sai fadama, 'yan shekaru kaɗan bayan haka ambaliya ta ci babban ɓangare na garin. Jean Tilho, hafsan Faransa da ya zo aikin shata iyaka, ya tarar da arewacin tafkin a ƙafe a 1908. Amsa ta biyu ta fi nauyi. Janyewar ruwan ta buɗe ƙasar noma mai yalwa da albarka, kuma mutane sun cika ta ba tare da wani ya ba su umarni ba. Garuruwa suka tsiro a inda dā jirgi ke wucewa, masara da waken tafki suka shiga kasuwannin Maiduguri da Injamena. A shekarun da fari ke korar jama'a daga ƙauyukan Sahel, bakin tafkin nan karɓar baƙi yake yi.

A nan ya kamata a kwatanta da abin da gwamnati ta yi. A shekarun 1970 Nijeriya ta zuba maƙudan kuɗi a aikin noman rani na kudancin tafkin, a yankin Marte, da niyyar shayar da kadada fiye da dubu sittin ta wata doguwar hanyar ruwa da aka haƙa daga tafkin. Injiniyoyin sun yi awonsu bisa ruwan shekarun cika. Kafin aikin ya tsaya da ƙafarsa ruwan ya janye ya bar bakin magudanar a bushe, kuma ɗan ƙaramin kaso kawai aka taɓa nomawa. Da yawa cikin manoman da aka tara domin aikin sai suka sauka cikin kwarin tafkin suka koma noman laka irin na iyaye. Iyakar ƙasa ma ta yi nata aikin. Masuntan Nijeriya da suka bi ruwa har Darak ba su ga wani layi a kan laka ba, amma ƙarshenta sai da maganar ta kai Kotun Duniya, wadda ta yanke hukunci a Oktoban 2002 cewa yankin na Kamaru ne.

Akwai ja na biyu, kuma shi ba ya tunkuɗuwa da sauƙi: cewa yabon iya bin ruwa yana iya rufe ido daga asarar da aka yi da gaske. An yi asara. Giwan ruwa da shemani, kifayen buɗaɗɗen ruwa, sun yi ƙaranci bayan 1973, aka koma dogaro da tarwaɗa da karfasa masu jure fadama. Mutanen Gigimi a Nijar sun wayi gari ruwan ya yi musu nisa na tafiyar yini. Dumba, wato jerin gura da ake datse mashigar kifi da shi, ta azurta masu jari ta bar mai ƙugiya yana kallo, kuma inda masunci da manomi da makiyayi ke jiran fili ɗaya, rigima ba ta rasuwa. Sai dai waɗannan matsaloli ne da bulama da lawani suka saba sasantawa, da rabon fili kowace shekara gwargwadon inda ruwa ya tsaya. Abin da ba su da maganinsa shi ne bindiga. Bayan hare-haren Baga na 2013 da Janairun 2015, da kwashe mutanen tsibirai zuwa sansanoni, da hana safarar kifi na tsawon shekaru, sana'ar ta durƙushe a daidai lokacin da hotunan tauraron ɗan'adam ke nuna ruwan bai ƙara raguwa ba tun shekarun 1990.

Saboda haka akwai abin dubawa a shirin janyo ruwa daga rassan kogin Kwango ta magudana mai tsawon kilomita 2,400, wanda aka sake tayar da maganarsa a taron Abuja na 2018. In har an mayar da tafkin matsayinsa na 1963, gonakin laka da wuraren kiwo da garuruwan da aka kafa cikin kwarin tun shekarun 1970 duk ƙarƙashin ruwa za su koma. Hukumar Tafkin Chadi, wadda ƙasashe huɗu suka kafa a 1964, tana da aikin da ya fi wannan kusa da hannu: a buɗe hanyoyin ruwa da ciyayi suka toshe, a rage shingayen karɓar kuɗi tsakanin Baga da Maiduguri, a kuma amince wa masunci da makiyayi su tsallaka iyaka da takarda guda idan ruwa ya koma ɗaya gefen.