Waƙoƙin finafinan Hausa: Wa ke da iko da su?

A masana'antar finafinan Hausa ta Kannywood, an daɗe da sanin cewa waƙa ce ke sayar da fim. Sai dai kuma wanda ya tsara waƙar shi ne sau da yawa ba shi da ta cewa a kan lokacin fitarta, ko yadda za a yi amfani da ita.

Asalin lamarin

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ya fito a Kano a 1990, shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo.

Kafin ƙarshen shekarun 1990, situdiyo irin su Iyan-Tama sun rungumi fiyanon Yamaha, kuma karɓuwar da waƙar fim ɗin Sangaya ta samu ta sa furodusoshi suka mayar da rawa da waƙa ginshiƙin sana'arsu.

Wannan ya sha bamban da tsarin gargajiya. Marigayi Dakta Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, shi ke ƙirƙirar waƙarsa, shi ke rera ta, makaɗa da 'yan amshi kuma suna ƙarƙashinsa.

A waƙar fim kuwa hannaye sun yi yawa: akwai marubuci, da mai kiɗa, da mawaƙi, sannan ga jarumin da ke motsa baki a gaban kyamara, wanda galibi shi ke kwashe farin jinin.

Inda saɓani ke tasowa

Bisa al'ada, furodusa kan sayi waƙa a biya shi sau ɗaya, ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba.

A zamanin kaset, akan fitar da waƙoƙin kafin fim ɗin domin su zama talla, kuma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano ne ke rarraba su zuwa sauran garuruwa.

Furodusa na iya yanke baiti, ko ya riƙe waƙa har ta tsufa idan fim ya makale. Su ma furodusoshi kan koka cewa waƙar da suka biya takan sulale daga situdiyo kafin lokaci.

Da kaset da faifan CD suka ja baya, masu tura waƙoƙi a wayar salula, daga Kano har unguwanni irin su Ƙofar Kwaya a Katsina, sun zama hanyar da waƙa ke isa ga jama'a, ba tare da ko kwabo ya koma ga mai ita ba.

Hukuma ma tana da hannu. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, kuma a 2007 wata kotu ta ɗaure Adam A. Zango bisa fitar da faifan Bahaushiya ba da izinin hukumar ba.

Me doka ta ce?

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2023, ta ce mallaka wa wani haƙƙin aiki ba ya inganta sai a rubuce.

Ta kuma bai wa mai fasaha ikon a ambaci sunansa, da ikon ƙin yarda a jirkita aikinsa ta yadda zai zubar masa da mutunci.

Wannan taƙaddama ba a Najeriya kaɗai take ba. A Indiya, inda finafinan Hausa suka aro salon rawa da waƙa, Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi sun daina waƙa tare na wasu shekaru a shekarun 1960 saboda saɓani kan kason mawaƙa. Sai a 2012 majalisar ƙasar ta tabbatar wa marubuta waƙa da masu kiɗa kasonsu.

Mawaƙa irin su Nazifi Asnanic, da Nura M. Inuwa, da Umar M. Shareef sun yi suna da kundin waƙoƙinsu na kansu, kuma shafin YouTube ya bai wa da dama damar fitar da waƙa lokacin da suka ga dama.

Amma ga ƙananan mawaƙa da masu kiɗa, cinikin fatar baki na nan daram, kuma idan rigima ta taso babu takardar da za su nuna.