Saukar gaggawa saboda matsalar ƙafafun jirgi

Saukar gaggawa saboda matsalar ƙafafun jirgi ita ce saukar da matuƙi kan yi idan ƙafafun da ke ɗauke da tayoyin jirgin sama suka ƙi fitowa, ko suka fito ba su kulle ba, ko ɗaya ta karye. Idan jirgin ya sauka ba tayoyi ko kaɗan, ana cewa ya sauka a kan cikinsa. A ƙananan jirage, irin wannan sauka takan lalata farfela da ƙasan jirgi, amma galibi mutanen ciki sukan fita lafiya matuƙar matuƙin bai shagala da gyara ya bar tuƙi ba.

Nau'o'in ƙafafu

Wasu ƙananan jirage, irin su Cessna 172 da Diamond DA40, ƙafafunsu a kafe suke, ba a naɗe su. Matsalarsu ba ta cika wuce fashewar taya ko karyewa bayan sauka da ƙarfi ba. Wasu kuma, irin su Piper Arrow da Beechcraft Baron da Diamond DA42, suna naɗe ƙafafunsu bayan tashi domin rage turjiyar iska. Koren fitilu uku ne ke nuna wa matuƙi cewa ƙafafun uku sun fito sun kulle.

Dalilai

Daga cikin dalilan akwai yoyon man haidrolik, ɗaukewar lantarki, maƙalewar makulli, da mantuwar matuƙi. Wani lokaci ƙafafun lafiyarsu ƙalau, ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone.

Matakan da matuƙi ke bi

Matakin farko shi ne ci gaba da tuƙi. Matuƙin kan fasa sauka, ya hau sama inda babu haɗari, sannan ya bi jerin matakan da ke littafin jirgin. Jiragen da ke naɗe ƙafa suna da hanyar ko-ta-kwana: a Piper Arrow ana sakin matsin mai ƙafafun su faɗo da nauyinsu, a Baron ana murza hannu, a Cessna 210 kuma famfon hannu ake bugawa.

Idan hakan bai yi ba, sai ya sanar da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage. Kalmar neman agaji ita ce Mayday sau uku, lambar gaggawa 7700, zangon rediyon gaggawa kuma 121.5. Yakan wuce ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiya a duba masa, sai dai ido ba ya tabbatar da cewa ƙafa ta kulle. Yakan kuma yi ta kewaye don rage mai, 'yan kwana-kwana su samu lokacin shiri.

An fi son sauka a kan kwalta, domin a kan ciyawa ko rairayi jirgi na iya cakewa ya kife. Dab da taɓa ƙasa ana ƙara ɗaure bel, a zare sakatar ƙofa don kada ta maƙale, a rufe mai, a kashe lantarki. Idan ƙafar gaba ce ta ƙi, ana sauka a kan na baya, a riƙe hancin jirgin sama, a sauke shi a hankali. Da jirgi ya tsaya, kowa ya fita ya yi nisa da shi.

A Katsina da kewaye

Filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina yana da dogon titin kwalta da manyan jiragen alhazai ke tashi a kai, saboda haka ya wadaci ƙaramin jirgi mai wannan matsala. Babban cikas shi ne hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda kan hana matuƙi ganin titi sosai, ya kuma hana hasumiya ganin ƙafafun jirgin. Hukumar FAAN ce ke kula da kashe gobara a filayen jiragen tarayya, NAMA na kula da sararin samaniya, NSIB kuma na binciken haɗurra. Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana horar da matuƙa da ƙananan jirage, ciki har da DA40 da DA42.

Fitattun misalai

Darussan da ake koyarwa sun fi fitowa daga haɗurran manyan jirage. Ranar 29 ga Disamba 1972, jirgin kamfanin Eastern ya faɗa fadama a Florida ta Amurka yayin da matuƙansa suka shagala da fitilar ƙafar gaba. Mutum 101 suka mutu, daga baya aka gano ƙafar ta kulle, ƙwan ne ya ƙone. Ranar 22 ga Janairu 1973, Boeing 707 ɗauke da alhazai daga Jidda ya karya ƙafa yayin sauka a Kano, ya kama wuta, mutum 176 cikin 202 suka rasu. Ranar 1 ga Nuwamba 2011 kuwa, Boeing 767 na kamfanin LOT ya sauka a kan cikinsa a Warsaw ta Poland, duka mutum 231 da ke ciki suka fita da ransu.