Tauraruwa mai wutsiya: tarihin baƙuwar da aka san ranar dawowarta

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san karin maganar nan: tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba. Da ta bayyana sai a ce sarki zai mutu, ko yunwa na tafe, ko yaƙi. Ba mu kaɗai ne ba, mutanen Sin da na Turai ma haka suka riƙa jin tsoronta shekaru aru-aru. To yau tarihin guda ɗaya daga cikinsu zan ba ku, wadda ake kira Halley, da yadda aka yi har mutane suka iya faɗin shekarar da za ta komo.

Da farko dai, sunan tauraruwa kawai ta ci. Dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, tsawonsa wajen kilomita 15, tafiyar awa uku kenan a ƙasa. Ba ta da hasken kanta. In ta matso kusa da rana sai zafi ya sa ƙanƙarar ta riƙa tashi kamar tururi, ƙura na biye da ita, hasken rana ya haska su. Wannan ita ce wutsiyar, kuma kullum baya take ba rana.

A 1682 wani matashi ɗan Ingila, Edmond Halley, ya ga wata mai wutsiya, ya rubuta inda take a sama dare bayan dare. Daga baya ya ɗauki lissafin abokinsa Isaac Newton a kan yadda rana ke jan abubuwan da ke kewaya ta, ya tattara tsofaffin rubuce-rubuce, ya fitar da hanyar taurari masu wutsiya guda 24. Nan ya lura da wani abu. Wadda aka gani a 1531, da wadda Kepler ya gani a 1607, da tasa ta 1682, hanyarsu kusan ɗaya ce. Tsakanin ta farko da ta biyu shekara 76, tsakanin ta biyu da ta uku shekara 75. Sai ya ce ai ba uku ba ne, guda ce take tafiya tana dawowa, a kan hanya mai siffar ƙwai da aka ja ya yi tsawo. A 1705 ya buga sakamakonsa, ya ce a jira ta wajen 1758.

Ku duba fa, mutumin ya san da wuya ya kai wannan shekara. Ya rasu a 1742 yana da shekara 85, saura shekara 16 a san ko gaskiya ya faɗa.

Sauran aikin a Faransa aka ƙarasa shi. Matsalar ita ce ba rana kaɗai ke jan tauraruwar ba. In ta ratsa kusa da manyan duniyoyin nan, Mushtari da Zuhal, waɗanda muka koya a lakwal da sunan Jupiter da Saturne, su ma suna jan ta, su sa ta yi sauri ko ta makara. Mutum uku suka zauna a Paris: Alexis Clairaut, da Joseph Lalande, da wata mace, Nicole-Reine Lepaute. Wata shida suna lissafi da hannu, safe da yamma, babu kwamfuta babu na'urar lissafi. Suka gano za ta makara da kwana 618, suka ce za ta kai wurin da ya fi kusa da rana a tsakiyar Afrilu 1759, da kuskuren da zai iya kai wata guda.

Kuma kun san wa ya fara ganin ta? Wani manomi ne a kusa da birnin Dresden na Jamus, Johann Palitzsch, mai sha'awar kallon sama da madubin hangen nesa. Ya hango ta ranar 25 ga Disamba 1758. Ta kai kusa da rana ranar 13 ga Maris 1759, wato kuskuren masu lissafin bai wuce wata gudan da suka faɗa ba. A nan aka sa mata sunan Halley. Da masana suka bi lissafin baya-baya, sai suka tarar mutanen Sin sun rubuta zuwanta tun shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa.

Sanin ranar zuwanta bai kashe tsoro gaba ɗaya ba. A 1910, shekara 11 bayan shigar Faransawa Damagaram, ta matso mu sosai, wajen kilomita miliyan 22, har duniya ta ratsa ta cikin wutsiyarta ranar 19 ga Mayu. An riga an gano akwai wata iska mai guba a wutsiyar. Masana da yawa suka yi bayani cewa iskar ba ta da kaurin da za ta cutar da ko kaza, amma jaridu suka ruruta maganar. A Amurka da Turai wasu suka toshe kafofin ɗakunansu, ƴan damfara suka sayar da ƙwayoyi wai maganin tauraruwa. Gari ya waye, kowa lafiya lau, kuɗin ne kawai suka tafi.

A 1986 kuma akasin haka aka samu: an yi ta jira, da ta zo mutane da yawa suka ce ashe wannan ce? Dalili shi ne lokacin da ta fi haske, a watan Fabrairu, tana can bayan rana, mu muna wannan gefe. Ko da ta matso a Afrilu, tazarar ta haura kilomita miliyan 60. Masana na da ma'aunin haske wanda in lambar ta yi ƙasa hasken ya fi yawa, ido kuwa yana gani har zuwa wajen 6 a dare mai duhu. A 1986 wajen 2 ta tsaya. Amma a wannan zuwan ne kumbon Giotto na Turai ya wuce ta da tazarar ƙasa da kilomita 600, ya ɗauko hotonta. Ashe jikin nata baƙi ne wuluk kamar gawayi.

Yanzu tana ina? A 2003 an hango ta da babban madubi a ƙasar Chili, haskenta ya dushe ya koma 28 a wancan ma'auni. A Disamba 2023 ta kai ƙarshen hanyarta, can gaba da Neptune, fiye da kilomita miliyar 5 daga rana, ta juyo. Lissafi ya nuna za ta kai kusa da rana a ƙarshen Yuli 2061, kuma a wannan karon gefe ɗaya za mu kasance da ita, saboda haka za ta fi ta 1986 haske nesa ba kusa ba. Kafin nan, ƙurar da ta bari a hanya muna ratsa ta sau biyu a shekara, farkon Mayu da wajen 21 ga Oktoba. Wanda ya fita bayan gari kafin asuba a waɗannan ranaku zai iya ganin tartsatsinta na gilmawa a sama.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi, duk lokacin da aka ga wani abu a sama, kafin gari ya waye saƙon murya ya cika WhatsApp, wannan ya ce alamar mutuwar wane ce, wancan ya ce kada a fita. Abin da aka san ranar zuwansa tun shekaru da dama kafin ya zo, ta yaya zai zama labarin mutuwar wani? Kuma abin da ya ba Halley nasara bai wuce mutanen da suka ga abu a 1531 da 1607 suka rubuta rana da wuri ba.

Mu ma muna da namu shaidu. A Maradi, da Tawa, da Damagaram, da Yamai, akwai iyaye da kakanni da suka ɗaga kai a 1986. Ku tambaye su: a wane gari suke, wane gefen sama suka gan ta, me aka riƙa faɗa a lokacin? Ku rubuta, ko ku ɗauki muryarsu a salula, ku aiko mana. Yaron da ke aji ɗaya a lakwal yau zai kasance magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya a 2061, zai so ya ji abin da kakansa ya gani. Allah ya ba mu tsawon rai mu gan ta tare.