Yadda Hoton Sama Ya Zama Haja

A shekarar 1858 wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, wanda aka fi sani da Nadar, ya hau ƙatuwar balan-balan a kusa da Paris ya ɗauki hoton ƙasa daga sama. Hotunan nasa sun salwanta. Hoton sama mafi tsufa da ke hannu a yau shi ne na birnin Boston na Amurka, wanda James Wallace Black ya ɗauka a 1860.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da abin sana'a, domin kowane ɓangare na son leƙa ramukan da abokan gaba suka haƙa. Da aka ajiye makamai, sai ga jirage da kyamarori da matuƙa zaune ba aikin yi, 'yan kasuwa kuwa ba su yi sanya ba. A 1919 aka kafa kamfanin Aerofilms a Ingila. A 1921 Sherman Fairchild ya harhaɗa hotuna 100 ya fitar da taswirar tsibirin Manhattan. Hukumomin birane suka shiga sahun masu saye, don hoton sama ba ya rufa wa ginin da ba a biya wa haraji asiri.

Dabarar a nan take: jirgi na tafiya a miƙe yana ɗauka, kowane hoto na maimaita kusan kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Wuri ɗaya da aka gani ta kusurwa biyu yana ba da tsawon gini da zurfin kwari, kamar yadda ido biyu ke gane nisa. Sai dai aikin na da cin rai, daga wankin fim zuwa awo da hannu.

Tauraron ɗan'adam na Landsat, wanda Amurka ta harba a 1972, lambobi yake aikowa maimakon fim, amma ɗigo ɗaya a hotonsa ya kai faɗin mita 80. Tauraron IKONOS na 1999 ya rage shi zuwa kusan mita ɗaya, kuma duk mai kuɗi na iya saye. Google ya sayi kamfanin Keyhole mai harkar hotunan sama a 2004, shekara na zagayowa ya fito da Google Earth, kowa ya ruga neman rufin gidansu.

A ganina, babban sauyin shi ne yanzu ba hoton ake saye ba, lissafin da kwamfuta ke tatsowa daga cikinsa ne. Kamfanin inshora na auna rufin gida ba tare da an kafa tsani ba. Masu zuba jari na ƙirga motocin da ke harabar manyan kantuna don su san ko ciniki na tafiya. Har manyan tankunan ɗanyen mai ba su tsira ba: murfinsu yana sauka ne idan mai ya ragu, don haka inuwar da ke cikin tankin ce ke faɗa wa dillali abin da ya saura.